Yakaka, Dillaliyar da Ta Ƙi Ɗaukar Zare

Tun kafin a sauke tutar Turawa har zuwa damanar bana, duk wanda ya tashi a unguwannin Haɗeja da ke ɓangaren kogi ya san tafiyar Yakaka. Hantsi na ɗagawa za ta naɗa gammo, ta aza daro a ka, ta kama shiga gidaje. Sallamarta gajera ce, ba ta zaman gulma, ruwa ma a tsaye take sha. A wannan gida ta karɓi kwalaben man gyaɗa, a wancan ƙuli-ƙuli, a na gaba gumi, shinkafar nan da ake turarawa a shanya a cashe. Matan gidajen ba sa fita kasuwa. Su ke yin kaya, ita ke kaiwa, ta dawo musu da ciniki ta cire 'yar la'adarta. Dillaliya ce, kuma dillalai ba su yi kaɗan a garin ba. Amma ita in ta dawo, da labarin kasuwar take dawowa, mai daɗi ko marar daɗi, ta zube shi a tsakar gida yadda ta same shi.

Kakanninta daga gabas suka zo, wajen tafkin Chadi, da fataucin kanwa, kuma har yau in ranta ya ɓaci harshenta can yake karkata. Wataƙila a wajensu ta gaji rashin zama wuri ɗaya. In ta sauke daro a kasuwa ba ta tsugunawa a bayansa tana korar ƙuda. Sai ta bar wa maƙwabciya, ta zaga rumfuna, ta leƙa tashar mota, ta tambayi direbobi me aka fi lodawa zuwa Kano, me jirgin ƙasa ya kwasa a tashar Malam Madori. Abu biyu kawai take nema. Masu neman wannan kaya ƙaruwa suke yi ko raguwa? Cikin masu neman kuma, wa ke tsayawa gaban daronta, wa ke wucewa wajen wasu?

Daga amsar nan take raɗa wa kowane kaya suna. Wanda matan da take yi wa dillanci suka fi kowa riƙe kasuwarsa, amma masu saye sun tsaya inda suke, shi ne mai riƙe gida. A lokacin man gyaɗa ke nan, duk mai tuyar ƙosai a garin na matan Yakaka take nema. Ta hana a ƙara masa jari. Ta ce a tatse shi kawai, abin da ya bayar a ciyar da mai tasowa, wato gumi, wanda motoci suka fara kwasa ba sa ƙoshi. In kasuwar kaya na buɗewa amma wasu sun riga su shiga, sai ta ce wannan a gwada ne, a sa masa kaɗan a zuba ido. Saura wanda masu saye suka juya wa baya, ɗan ragowar cinikinsa ma ba a hannun matanta yake ba. Shi take kira sai haƙuri, kuma wannan sunan ne ya jawo mata baƙin jinin da take ciki har yau.

Ku tambayi Ramatu, in za ta gaya muku gaskiya. Yakaka ta same ta tana saƙar faifai, idonta duk ya faɗa, ta ce mata ta ajiye kaba ta nemi babbar tukunya. Ramatu ta yi kuka, ta ce abin da ta iya ke nan. Yakaka ta je da ƙafarta gidan wani manomin fadama ta samo mata shanshera, ta tsaya a kanta har ta gane lokacin da ake sauke tukunya daga wuta. Gumin farko ya ƙone, na biyu ya kakkarye a turmi. Na uku Yakaka ta ɗauka, ba ta kai rumfa ba aka saye shi a hanya. Gidaje da yawa haka ta yi musu, da lallashi in ya yi, da faɗa in lallashi ya ƙi.

Ke ce, Yakaka, idon waɗanda ke cikin ɗaki. Ke ce kika san duk abin da aka ɗora miki a daro da la'adarki a ciki, ko a sayar da riba ko a karyar, amma kike sauke wani kaya da hannunki ki ce wa mai shi ta daina wahalar banza. Wace dillaliya ce ke rage wa kanta kaya? Mun duba, ba mu ga ta biyu ba.

To, akwai Huseina.

Huseina ƙawarta ce ta ƙuruciya, ƙawancen da aka ƙulla da goro a gaban iyaye tun suna zuwa wanki bakin kogi. Ita ta hura wutar ruwan jegon Yakaka a haihuwar fari, Yakaka kuma ta kwana da ita a ɗakin takaba da mijin Huseina ya rasu. Sana'ar Huseina kaɗi. In aka ce kaɗi kuwa, kada ku ɗauka abawar nan mai kauri da kowace tsohuwa ke murzawa. Arafiya take kaɗawa, siririn zare mai laushi da masaƙa ke layi a kansa, da mazarin da ta gada wajen mahaifiyarta. Ta taɓa alli ta murza, mazari ya yi ta juyi a cikin ɗan kasko, zare na fitowa ba ƙulli ba gargada. Shekara da shekaru zaren Huseina ne a saman daron Yakaka, a lulluɓe da farin ƙyalle don kada mai ya taɓa shi. Yakaka da kanta takan ce duk ƙasar Haɗeja ba yatsun da suka kai waɗannan.

Bayan yaƙin basasa atamfa ta cika kasuwa, mai araha, mai launi, ga yadin kanti iri-iri. Masaƙa suka fara naɗe kayan aiki, wasu suka tafi Kano gadi da leburanci. Waɗanda suka rage suka koma zaren kanti. Yakaka ta gani sarai, ai aikinta ke nan. Da zaren wata ce, da tuni ta raɗa masa suna. Amma na Huseina ne, sai ta yi shiru ta ci gaba da ɗauka, tana bin masaƙa rumfa-rumfa tana roƙo, ita da ba ta taɓa roƙon mai saye ba. Har ranar da Malam Ɗahiru, masaƙin da ya rage yana karɓa, ya sunkuyar da kai ya ce mata shi ma ya gaza. Ya ce masu sayen yanzu ba sa bambance arafiya da zaren kanti, in ma sun bambance ba za su biya ba.

A makon nan ta shiga gidan Huseina ta tarar da turken awaki ya rage akuya ɗaya. An kai sauran kasuwa ɗaya bayan ɗaya don sayen auduga. Ga marayu a gidan. Yakaka ta sauke daro, ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

"Ƙawa, ba zan ƙara ɗaukar zarenki ba."

Huseina ba ta tsayar da mazari ba. Ta tambaya ko an ga wani aibu a zaren ne. Yakaka ta ce babu, kuma ba za a taɓa gani ba, masu saye ne suka ƙare. Ta ce ta riga ta yi magana da mai shanshera, tukunya ma akwai tata da ba ta amfani da ita, gobe sai ta aiko da ita. Ta ce akuyar nan da ta rage a bar ta ta haihu.

"Wato ni ce sai haƙuri," in ji Huseina.

"Zaren ne, ba ke ba."

"A ina kika ga an raba mu?"

Yakaka ta miƙe. Ta ɗauki daronta ta fita, ta tsaya a zaure ta share ido da gefen gyale, ta shiga gida na gaba karɓar ƙuli-ƙuli.

Kafin la'asar magana ta gama unguwa, kuma wallahi ba a samu mace ɗaya da ta tsaya mata ba. Hukuncin da aka yanke shi ne Yakaka ba ta da kara. Wai ƙawa ba ta mayar wa ƙawa kaya. Abin da ake yi, ki karɓa ki ce Allah ya kawo kasuwa, ki tura ƙarƙashin gado, bayan kwana biyu ki dawo ki ce ba a dace ba sai wani mako. Haka iyaye suka yi, haka ake zaman lafiya. Haba jama'a! Zaman lafiyar da za a yi har akuya ta ƙare, har a fara fitar da kwanukan ɗaki? Su da suke wannan magana da gumin da Yakaka ta koya musu suke cika bakinsu, suna taunawa suna zaginta. Wata dillaliya mai zaƙin baki ta karɓi zaren Huseina, ta yi ta ce mata sai wani mako, akuyar ta bi 'yan uwanta, daga baya ita ma dillaliyar ta daina biyowa ta layin.

Yankewar ta fito fili ne a auren Binta, 'yar autar Yakaka. Kowa ya san yadda biki yake tsakanin ƙawaye. In ta kawo miki gudummawa ranar shagalinki, ranar nata sai ki mayar da abin da ya ɗara, ita ma ta ɗara, zumunci ya yi ta tafiya ba ranar gamawa. A auren ɗan Huseina na fari, tun ana ɗasawa, Yakaka ta kai mata tasa. Ranar kamun Binta sai ga aike daga gidan Huseina, tasa ce, girmanta ɗaya da waccan, ko murfi ba a ƙara ba. Mata suka kalli juna. An biya, an rufe, ba sauran komai a tsakani. Yakaka ta karɓa ta ce a ce ta gode, ta shiga ɗaki, har aka kai amarya ba ta sa komai a bakinta ba.

Ba ta haƙura ba. Da Salla ta je gaisuwa aka ce Huseina na barci. Ta aika goro, aka dawo da shi a ganyensa. Shekarar farin nan da gero ya ƙone a gona, ta aika gumi a fili, da sunanta, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Shi ma ya dawo, ko ƙwaya ba a taɓa ba. Ranar Yakaka ta ce da ma Huseina ta aiko a doke ta, da ya fi mata sauƙi.

Ba waliyiya muke yaba ba, ta yi kuskure ita ma. Da ta ga mutanen Kudu na neman bandar kifi ido rufe, ta sa wasu matanta suka ɗebi ribar mai suka shiga, alhali matan garin Guri sun riga kowa kama wannan kasuwa. Ta ce a gwada. Sai fari ya zo, aka kuma datse kogin can sama, ambaliyar da ke cika fadamu ta ja baya, kifi ya yi tsada a bakin ruwa. Jarin ya narke. Yakaka ta bi gidajen ɗaya-ɗaya ta ce ita ta ba da shawara, ita ta ɓata. Wannan fa ba a manta ba. Har gobe in an ambaci sunanta sai wata ta taɓe baki ta ce ai ita ce ta kifin nan.

Abin da aka manta shi ne shekarar da cuta ta cinye gyaɗa, turamen matsar mai suka kife a gidaje. Mai riƙe gida ya faɗi rana ɗaya. A wasu unguwanni mata sun sayar da gadajensu. A layukan Yakaka an ci tuwo, don gumin da ta yi shekaru tana ciyarwa da ribar mai ya girma ya karɓi gida. Ba wadda ta tako ta ce mata sannu. Ramatu ta je Makka da kuɗin gumi, ta dawo Hajiya, ta aika wa Yakaka dabinon da ba zai cika tafin hannu ba. In ana hira takan ce ita dai Allah ne ya ba ta nasibi. Allah ne ya ba ta, ba mu musa ba, amma Hajiya, tukunyar daga sama ta faɗo?

Da kuɗin fetur suka shigo, shekarar ƙarin albashin Udoji da bayanta, shinkafar waje ta fara sauka a buhuna, fara tas. Yakaka ta ga masu neman gumi sun daina ƙaruwa, ta kuma ga kowane ɗan albashi na son hula mai aikin hannu. Ta fara tura 'yan matan gidajen wajen masu ɗinkin hula. Nan ma Huseina ce ta faɗo mata a rai, don wannan aikin na masu siraran yatsu ne, kuma ba ta san yatsun da suka kai nata ba. Ta aika mata saƙo da zare mai launi da allura, ta ce wannan mai tasowa ne, ta ce ita za ta ɗauka da kanta. Ba a ba da amsa ba. Daga baya ta ji cewa idon Huseina ya fara yana, ba ta ganin kafar allura. Kaɗi kuwa ba ya bukatar ido, tana nan tana yi, zare ya cika tukwane a ɗakinta, 'ya'yanta na saya mata auduga don kada ta zauna haka.

Bana gwiwoyin Yakaka suka ƙi. Ta faɗi da daro a ƙofar kasuwa, kwalabe suka farfashe, aka kawo ta gida a amalanke. Ta kife daron a bayan ɗaki ta ce ta gama. Ba wanda ya tara mutane, ba wanda ya yi mata ko fatiha. Matan da ta yi rabin rayuwarta tana shiga gidajensu sun riga sun sami wasu dillalai, masu cewa to ga komai.

Ana nan sai Malam Ɗahiru ya yi sallama a zaurenta. Ya tsufa shi ma, ya daɗe da barin saƙa. Yakaka ta dogara sanda ta fito. Ya ajiye ƙunshi a gabanta ya ce Huseina ce ta kira shi, ta sa ya kafa masaƙarsa da ta yi shekaru a rataye, ya saƙa mata fari da zaren da ta tara. Ya fito likkafani biyu. Ɗaya ta ajiye wa kanta. Sannan ya faɗi saƙon yadda aka ba shi.

"Ta ce a gaya miki wannan kayan kasuwarsa ba ta faɗuwa, masu nemansa ba sa raguwa. Ta ce shi kam kya ɗauka."

Yakaka ta kwance ƙunshin. Ta murza yadin tsakanin yatsu, ta ɗaga shi wajen haske kamar yadda ta saba yi wa kayan sayarwa.

"Arafiyar Huseina ce," ta ce. "Ban taɓa cewa ba ta da kyau ba."

Ta tambaye shi ko Huseina ta ce ta zo. Malam Ɗahiru ya ce ba ta ce ba. Ta tambaya ko ta ce kada ta zo. Ya ce nan ma ba ta ce ba. Yakaka ta naɗe likkafanin ta kai ɗaki, ta yafa gyale, ta kama hanya da sandarta tana hutawa a dakalin mutane. Waɗanda suka gan ta sun ce ta shiga har ƙofar ɗakin, ta yi sallama. Ana jin ƙarar mazari a cikin kasko. Ƙarar ta tsaya. Yakaka ta sake sallama, ta ce ƙawa, ni ce. Can sai mazarin ya ci gaba da juyi. Ta tsaya iya abin da gwiwa za ta ɗauka, ta juya gida.

Mun gode, Yakaka. Garin da ya ci daga daronki bai ce ba, mu mun ce, ko da ya zo a makare. Mun gode da ƙafafun da kika ƙarar a layukanmu, da la'adar da kika bari, da gaskiyar da kika faɗa wa wadda kika fi so alhali kin san abin da za ta ci miki. Allah ya saka miki, don mutane kam ba su saka ba. Ku kuma masu ɗaukar kayan mata zuwa kasuwa, ku yi koyi da ita. Ku buɗe ido ku ga abin da ke tasowa da abin da ke mutuwa, ku faɗa wa masu kaya tun da sauran akuya a turke. Ba za mu ruɗe ku ba, ba a gode wa mai wannan aiki, wani lokaci ma gaisuwa ake daina yi masa. Ku yi duk da haka.

Ke kuma Huseina, in jikokinki sun karanta miki wannan, ba mu ce ba a ɓata miki ba. An ɓata miki, zamani ne ya ɓata miki, Yakaka dai ita ce ta kawo labari. Jiya ma an ga Yakaka a hanyar gidanki, ta zauna a dakali ta kasa ƙarasawa, sai da aka riƙo ta aka mayar da ita. Ƙafafun nan ba za su ƙara kai ta ƙofarki sau da yawa ba. Ki amsa sallamarta tun ba a lulluɓe ta da abin da kika aika mata ba.